Tsohon ciwon kafaɗa: ɗinki, dashen ƙashi, ko a ƙyale ta?

Mutum uku ne kan zo wurin likitan ƙashi da kuka iri ɗaya, wai kafaɗa ta daɗe tana damunsu, alhali abin da ke cikin kafaɗun nasu ya sha bamban. Akwai saurayin da tasa ta taɓa gocewa a filin ƙwallo, ko wurin kokawa, ko da ya faɗo daga babur. Aka mayar masa, daga nan ta mai da fita al'ada: ya cicciɓi buhu ta fita, ya yi miƙa ta fita, wani lokaci har cikin barci. Akwai wanda tasa ta goce tun bara, aka yi ɗori, kumburi ya saɓe, zafi ya ragu, amma ƙashin bai taɓa komawa gurbinsa ba. Sai kuma dattijo ko dattijuwar da ƙashi ke zaune daidai, jijiyoyin da ke ɗaga hannun ne suka yage. Kowannensu akwai tiyatar da ake yi masa, kuma a kowane hali hanya ta fi ɗaya. Abu huɗu ne ke raba hanyoyin: yawan ƙashin da ya rage a gaɓar, tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka, shekarun mai ciwon, da irin aikin da hannun zai koma yi. Sabuntar na'ura da tsadar aiki ba sa cikin wannan lissafi.

Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi, bai rufe ko sulusin kan ba. Faɗinsa daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 2.5 zuwa 3 ba a babban mutum. Abin da ke riƙe da kan shi ne wani leɓe mai tauri da ya zagaye bakin gurbin, kamar gammo a ƙarƙashin tulu, sai jakar da ta lulluɓe gaɓar, sai tsokoki huɗu da suka rungume ta. Wajen kashi 95 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take yi. Idan kan ya fita yakan ɓamɓare leɓen daga gaba ta ƙasa, sannan ɓangaren baya na kan ya daki bakin gurbin ya lotse. Kowace sabuwar fita tana ƙara cinye bakin gurbin, tana ƙara wa lotsawar zurfi. Kafaɗar da ta fita sau biyu da wadda ta fita sau ashirin ba aiki ɗaya suke bukata ba.

A Hausa jijiya suna ɗaya ne na abu uku, kuma a wannan magana dole a raba su: jijiyar tsoka, wadda ta ɗaure tsoka a jikin ƙashi, jijiyar saƙo, mai kai ji da motsi, da jijiyar jini.

Kafin a yi zancen wuƙa sai an ga hoto, kuma hoto ɗaya daga gaba bai isa ba. Ana son na biyu da aka ɗauka ta hammata ko ta gefe, domin kafaɗar da ta goce ta baya takan fito kamar lafiyayya a hoton gaba. Wannan ana iya yi a babban asibitin ƙaramar hukuma, irin su Haɗejia, Gumel, Bichi ko Rano. Auna yawan ƙashin da ya cinye kuwa aikin siti sikan ne, wato na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi yanki-yanki, yagewar jijiyar tsoka kuma ana ganinta da MRI, na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, ko da sikanin nan irin na masu ciki idan mai riƙe da na'urar ya ƙware, kuma shi ya fi araha nesa ba kusa ba. Waɗannan galibi sai an shiga birni. Inda ake tura irin wannan ciwo shi ne Asibitin Ƙashi na Dala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A tafi da takardar turawa da duk tsoffin hotuna, ko sun yi ƙura, domin da su ake gane yadda ƙashin ke raguwa.

Kafaɗa mai yawan fita

A nan zaɓin ya fi wuya, domin hanyoyin biyu duk suna aiki, kowace a wurinta.

Ta farko ɗinkin leɓe ce, wadda za ka gani a takardar asibiti da sunan Bankart, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1923. Ana sa mutum barci, a ɓamɓaro leɓen daga inda ya manne ba daidai ba, a kankare bakin gurbin har ya yi tsattsafin jini, sannan a kafa ƙananan ƙusoshi masu ɗauke da zare a cikin ƙashin, a ɗinke leɓen da jakar a jawo su sama su koma mazauninsu. Ƙusoshin kada su gaza 3. Ɗinkin da aka yi da 2 ya fi saurin warwarewa. Ana yin aikin ta hanya biyu. Ko da kyamara, ta ƙananan huda 2 ko 3 da ba su wuce santimita guda ba, ko a tsaga gaban kafaɗa kamar santimita 5 zuwa 8. Ta kyamara ciwonta kaɗan ne, tabonta kaɗan, kuma hannu ya fi riƙe juyawarsa. Ta tsagawa tana ratsa tsokar da ta rufe gaban gaɓar, takan rage juya hannu waje da ɗan kaɗan, amma a jikin masu aikin ƙarfi ta fi riƙo, kuma ba ta dogara da na'urar da ba kowane asibiti ke da ita ba. Idan lotsawar bayan kan ƙashi tana da zurfi har tana sarƙewa a bakin gurbi, ana ƙara ƙusa 1 ko 2 a cike ramin da jijiyar tsokar baya.

Kyawun ɗinki shi ne yana mayar da kafaɗa yadda Allah ya halicce ta, ba a taɓa ƙashi ba, hatsarin taɓa jijiyar saƙo kaɗan ne, kuma idan ya gaza akwai sauran hanya a gaba. Rauninsa guda ne amma babba: gammo ba ya riƙe tulu idan inda aka aza gammon ya gutsure. Wani bincike da likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, suka wallafa a 2000 ya nuna haka ƙarara. Waɗanda aka yi wa ɗinki da kyamara ƙashinsu na lafiya, 4 cikin 100 ne kafaɗarsu ta sake fita. Waɗanda ƙashinsu ya riga ya cinye, 67 cikin 100. An daɗe ana ɗaukar asarar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na faɗin gurbi a matsayin iyakar da ɗinki ba ya wucewa, yanzu kuma da yawan likitoci sun sauko da ita zuwa wajen 15 ga matashi mai aikin ƙarfi. Kashi 20 ɗin nan milimita 5 ne zuwa 6, faɗin ƙwayar wake. Abin da ido ba zai gani a hoton ƙashi na yau da kullum ba ke nan, shi ya sa kuɗin siti sikan ba asara ba ne.

Ta biyu dashen ƙashi ce, Latarjet a rubuce, ana furta shi Lataje, sunan likitan birnin Liyon na Faransa da ya fito da ita a 1954. A gaban allon kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi da ya turo kamar bakin hankaka, jijiyoyin tsoka biyu na damtse suna rataye a jikinsa. Ana yanko santimita 2 zuwa 2.5 na wannan ƙashi tare da jijiyoyin, a raba tsokar gaban gaɓa a tsakiya, a zura shi ta nan, a kwantar da shi a inda bakin gurbi ya cinye, a ɗaure da noti biyu. Riƙon da yake yi uku ne: gurbin ya ƙara faɗi, jijiyoyin da aka kawo suna tokare kan ƙashi kamar majanyi duk lokacin da aka ɗaga hannu aka juya shi baya, sannan a ɗinke jakar a kai. A yawancin binciken da aka bi marasa lafiya shekaru masu yawa, sake gocewa bayan wannan aiki bai kai 10 cikin 100 ba, kuma ya fi ɗinkin kyamara ƙarancin warwarewa.

Sai dai abin da ke lalacewa a dashe ya fi muni idan ya lalace. Jijiyoyin saƙo biyu suna kwance dab da inda ake aikin, mai sa a tanƙwara gwiwar hannu da mai motsa tsokar saman damtse; jan da ake yi musu yakan kawo mutuwar jiki ko rauni, galibi na ɗan lokaci, jifa-jifa na dindindin. Idan dashen ya zarce bakin gurbi ko da kaɗan, zai riƙa gogar guringuntsin kan ƙashi, shekaru kaɗan amosanin gaɓa ya biyo. Idan aka kai shi ciki da yawa, kafaɗar ta ci gaba da fita. Yana iya ƙin haɗewa, musamman ga mai shan sigari, noti ya karye ko ya sassauta. Aiki ne da milimita biyu ke raba nasara da da-na-sani, don haka ba rashin kunya ba ne a tambayi likita, cikin ladabi, ko aiki ne da ya saba yi. Idan dashen ya gaza, abin da ya rage shi ne a ɗebo ƙashi daga ƙugu, kuma wannan ya fi na farkon wuya.

Ta fuskar kuɗi abin yakan ba mutane mamaki. Ƙusoshi masu zare daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma ana bukatar 3 ko 4, ga kayan kyamara da ake jefarwa bayan aiki ɗaya. Dashe noti biyu ne kawai irin wanda kowane asibitin ƙashi ke da shi. Sau da yawa aikin da ya fi girma shi ya fi sauƙin kaya. A nemi a rubuta jimillar kuɗi a takarda, da na ƙarfe da na gado da na gashin ƙashi, wato motsa gaɓa da ake koyarwa a asibiti, kuma mai katin inshorar lafiya ya tambaya tun da wuri ko katin ya ɗauki kuɗin ƙarfen da za a sa.

To wa ya dace da wanne? Wanda ya haura 25 ko 30, kafaɗarsa ta fita sau biyu ko uku, siti sikan ya nuna gurbi cikakke, sana'arsa ɗinki ce ko koyarwa ko tsaron shago, ɗinkin leɓe ya ishe shi, kuma yi masa dashe ɗaukar hatsari ne ba dalili. Saurayi ɗan ƙasa da 20 ko 25, ɗan dambe ko ɗan kokawa, mai dako, mai haƙar rijiya, manomin da ke riƙe garmar shanu, wanda ya daina ƙirga sau nawa ta fita ko take fita yana barci, a ganinmu dashe ya fi masa, ko da an yi masa tallar kyamara. Na tsakiya, mai ɗan cinyewar ƙashi kaɗan da aikin ƙarfi, shi ne wanda ɗinkin tsagawa ko ɗinki haɗe da cike lotsawa ke yi wa rana.

Mutum biyu ne ba a gaggauta yi musu ko wanne. Mai farfaɗiya, sai an yi watanni yana shan magani ba tare da ta tashi ba, domin tashi ɗaya ya isa ya tsinke ɗinki ko ya karya noti. A nan dole a faɗi gaskiya a gaban likita: tiramadol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma kafaɗu da yawa na samari ta nan suka fara fita. Ɓoye wannan zubar da kuɗin tiyata ne. Na biyu shi ne mai sakakkun gaɓoɓi tun haihuwa, wanda ke iya fitar da kafaɗarsa ya mayar da gangan. Shi motsa jiki na wata 6 ake fara ba shi.

Wadda ta goce ba a mayar ba

Gocewar da ta wuce mako 3 ba a mayar ba ta zama tsohuwa. Alamarta a fili take: saman kafaɗar ya baje ya yi kusurwa, akwai rami a inda ya kamata a ji kan ƙashi, wani dunƙule kuma a gaba kusa da hammata. Wadda ta goce ta baya ta fi ɓoyewa. Takan biyo bayan farfaɗiya ko jan wutar lantarki, hannun ya maƙale a jikin ciki ya ƙi juyawa waje, kuma idan mutum ya miƙa hannuwansa gaba kamar mai addu'a, tafin wancan hannu ba ya buɗewa ya kalli sama.

Masu ɗori suna kusa, ana jin maganarsu, kuma ba sa neman kuɗi a dunƙule, shi ya sa ake fara zuwa wurinsu. Matsalar ita ce kumburi yana saɓewa da kansa ko ƙashi ya koma ko bai koma ba, sai kowa ya ɗauka an warke. A cikin makonnin nan gurbin yana cika da tsokar tabo, tsokoki suna ƙanƙancewa, kan ƙashi yana laushi, babbar jijiyar jinin hammata kuma tana mannewa a jikin tabon. Daga nan duk wanda ya sa ƙafa a hammata ya finciki hannun, mai ɗori ne ko ma'aikacin asibiti, yana iya karya wuyan ƙashin ko ya yaga jijiyar jini, garin gyaran gira a rasa ido. Tsakanin mako 3 zuwa 4 likita kan gwada mayarwa a hankali bayan an sa barci. Bayan mako 6 ba a ma gwadawa.

Hanya ta farko ita ce a tsaga a mayar. Ana saki tsokar gaba, a share gurbi, a lallaɓo kan ƙashi ya koma, sannan a nemi abin da zai riƙe shi: ɗinkin jaka, ko dashen nan na bakin hankaka idan gurbi ya cinye, wani lokaci da wayoyin ƙarfe da za a zare bayan mako 3 zuwa 4. Ga ta baya, idan lotsawar ba ta kai rubu'in kan ƙashi ba, ana cike ta da jijiyar tsokar gaba. Idan ta kai rubu'i zuwa kusan rabi sai an sa dashen ƙashi. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, kuma a tanadi jini tun kafin a shiga, wato a zo da 'yan'uwan da za su iya bayarwa. Wanda ya fi cin moriyarsa matashi ne da gocewarsa ba ta wuce wata 6 ba kuma guringuntsinsa na nan. Ko shi ɗin, abin da ake nema masa shi ne hannu ya kai baki, ya kai ƙeya, ya kai baya, zafi ya tafi. Kafaɗar ba za ta koma kamar ɗayar ba, kuma kan ƙashin yana iya mutuwa daga baya saboda yankewar jini.

Idan kusan rabin kan ya lalace, ko an shekara guringuntsi ya mutu, sai maganar gaɓar ƙarfe. Akwai wadda ake canja kan kawai, akwai kuma juyayyiya, wadda Paul Grammont ya ƙirƙira a Faransa a 1985, inda ake kafa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, gurbin kuma a kan damtse, tsokar saman damtse ita kaɗai ta riƙa ɗaga hannu. Tana kashe zafi sosai, amma tana da tsada ƙwarai, an fi yi wa waɗanda suka haura 65, kuma ba a ƙera ta don sara da gatari ko ɗaukar buhu ba. Ba ta aiki sam idan jijiyar saƙon tsokar nan ta mutu. Ana gane wannan ta mutuwar fata a gefen damtse, daidai inda ake allurar rigakafi, da ramewar tsokar. Irin wannan rauni yakan farfaɗo da kansa cikin wata 3. Idan bai farfaɗo ba sai an yi gwajin jijiya kafin a tsai da shawara.

Akwai tsohuwar hanya da bai kamata a raina ba: a haɗe ƙashin damtse da allon kafaɗa da faranti da notuna su zama ƙashi ɗaya. Gaɓar ta tafi ke nan har abada, amma allon yana motsi a kan haƙarƙari, hannu yana kai wa baki da aljihu, ba zafi, kuma yana da ƙarfin ɗaukar kaya. Haɗewar takan ci wata 3 zuwa 4. Ga matashi manomi da tsokar saman damtsensa ta shanye, ko wanda gaɓarsa ta taɓa yin mugunya, wannan ya fi gaɓar ƙarfe dacewa da gona.

Ƙyalewa ma zaɓi ne na gaske. Tsoho mai shekara 70 da kafaɗarsa ta goce shekara uku da suka wuce, ba ta hana shi barci, yana cin tuwo, yana alwala, yana sa riga da kansa, ga hawan jini ga suga, tiyata ba abin da za ta ƙara masa sai hatsari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yagewar jijiyoyin ɗaga hannu

Ga wanda ya haura shekara 40 gocewa ba ta cika maimaituwa ba, amma takan yaga jijiyoyin tsokoki huɗun nan. Wanda aka mayar wa kafaɗa, mako 2 zuwa 3 suka wuce bai iya ɗaga hannu ba, a yi masa sikanin, kada a ce tsufa ne. Irin wannan yagewa ta faɗuwa gara a ɗinke ta cikin makonni ko 'yan watanni, domin jijiyar da ta tsinke tana ja da baya, tsokarta kuma tana rikiɗewa ta zama kitse, kuma wannan ba ya komawa ko an ɗinke.

Wadda ta zo a hankali da shekarun daka, jan guga da noma, mai hana kwanciya a wannan gefe, ita ana fara ta da gashin ƙashi na wata 3, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Allurar da ake yi a cikin gaɓa tana kwantar da zafi na makonni, ba ta ɗinke komai, tana ɗaga suga, maimaita ta yana raunana jijiya, kuma ba a son ta kusa da ranar tiyata. Ɗinkin, da kyamara ko da 'yar tsaga, sakamakonsu kusan ɗaya ne. Abin da ke sa ya sake ɓallewa shi ne girman yagewar, shekaru sama da 65, suga da ba a shawo kansa ba, sigari, da saurin komawa aiki. A kuma tabbatar ciwon shi ne: sanƙarewar kafaɗa ta masu suga, mutuwar kan ƙashi ta masu sikila, da tibin ƙashi duk suna zuwa da kama ɗaya, kuma ba ɗayansu da ɗinki ke magani.

Lokaci, da abin da ke bayan tiyata

Rabin aikin a gida ake yinsa. Bayan ɗinkin leɓe hannu yana rataye mako 4 zuwa 6, aikin ƙarfi sai wata 5 zuwa 6, dambe da kokawa ba kafin wata 6 ba. Bayan dashe rataya ta fi gajarta, mako 2 zuwa 4, kuma ana iya komawa aiki a wata 3 zuwa 4 idan hoto ya nuna ƙashin ya haɗe. Ɗinkin jijiyoyi shi ya fi cin lokaci: mako 6 wani ne ke motsa maka hannun, daga nan ka fara ɗagawa da kanka, ƙarfafa tsoka sai mako na 12, fartanya da taɓarya sai bayan wata 6. Wanda ba shi da mai tsaya masa a gona ko a gida na wannan tsawon lokaci, ya sa wannan a ma'auni tun kafin ya zaɓi aikin.

Ga mai noman damina, Nuwamba ko Disamba ya fi, bayan amfani ya shiga rumbu, kuɗi na hannu, kuma akwai wata shida kafin shuka. Mai noman rani a Kadawa ko fadamar Haɗejia ba shi da irin wannan sarari, sai dai ya sallama kaka ɗaya ya ba wani riƙon gonar. Wannan lissafi na mai yawan fita ne. Gocewar da ba a mayar ba da yagewar faɗuwa ba sa jiran girbi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A daina sigari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki, a daidaita suga da hawan jini, a san rukunin jini da matsayin sikila. Kada a yi ƙaho ko tsaga ko shafa magani mai ƙona fata a kafaɗar, domin fatar da ke da miki ba a tsaga ta. Ranar aiki ba a cin abinci sa'a 6 kafin a shiga. Komawa gida a mota, ba a bayan babur ba. Makonnin farko barci a jingine ya fi, da matashi a bayan gwiwar hannu don kada ta zame baya. Riga mai maɓalli ta gaba ta fi mai sawa ta ka, kuma hannu mai ciwo shi ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Miki ya zauna a bushe har a cire zare a kwana 10 zuwa 14. Malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, kuma a sujada kada a dogara da wannan hannu sai likita ya ba da izini. Zazzaɓi, mugunya, ja da zafin da ke ƙaruwa, ko yatsu su yi sanyi su mutu, a koma asibiti a ranar.

Wanda ke nesa da mai gashin ƙashi ya nemi a koya masa motsin tare da wani ɗan gida, a zana masa a takarda, ya riƙa komawa duk mako biyu ko uku a duba. Kayan aikin suna gida. Da farko a sunkuya a saki hannu yana lilo. Daga baya a kwanta rigingine a riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiya yana tura marar lafiya sama. Bayan mako 6, idan an yarda, a rataya igiya a reshe ko a azara a riƙa jan hannun da ɗayan, sau 10 zuwa 15, sau uku a yini. Juya hannu waje a makonni shidan farko kada ya wuce inda likita ya nuna, kuma ɗaga hannu haɗe da kai shi baya, irin na mai jifa da dutse, shi ne motsi na ƙarshe da ake ba da izininsa.